Miskilin Gidanmu: Nazarin Lamarin Magidancin da Aka Gano Yana da Otizim Yana Ɗan Shekara 34

Mutumin da zan ba da labarinsa taubashina ne, ɗan kawuna, kuma a ɗakin mahaifiyata ya tashi a Argungu. Da izininsa na rubuta wannan, bisa sharaɗin kada in faɗi sunansa ko na wurin aikinsa. Zan kira shi Ma'aji, domin aikinsa ke nan: shi ke riƙe da littafin shiga da fitar buhuna a wani injin casar shinkafa. Ni kuwa ma'aikacin lafiya ne a matakin farko. Na daɗe ina duba marasa lafiya, amma na yi kwana ɗaki ɗaya da mai otizim, wato yanayin ginin ƙwaƙwalwa da ake haihuwar mutum da shi mai shafar yadda yake mu'amala da mutane, tun muna yara ban gane ba, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Yadda muka san shi

A idon manya Ma'aji yaron kirki ne. Ba ya ɗaga ido ya kalli babba, ba ya tsoma baki cikin zancen da ba nasa ba. A wajenmu sunkuyar da kai ladabi ne, don haka alamar da likita zai fara lura da ita, mu yabonta muka yi ta yi. A makarantar allo yana karatu yana rangaji gaba da baya, to wane almajiri ne ba ya yi? Ya riga sa'o'insa sauka. Gaisuwa ma ba ta ba shi wahala, domin gaisuwar Bahaushe a jere take, kwana, gajiya, iyali, aiki, kowace tambaya da amsarta. Ya haddace ta tsaf. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an gama gaisuwa an shiga hira.

Idan ka ce masa "ina zuwa", zai tsaya nan inda ka bar shi. Ya taɓa jiran wani abokin aikinsa daga La'asar har Magariba a bakin tasha saboda wannan kalma, kuma da suka haɗu washegari bai iya fahimtar dalilin da ya sa mutumin bai ga ya yi laifi ba. Habaici yana wuce shi kamar ba a yi ba. Zaman majalisa kuwa, inda mutum biyar ke magana lokaci ɗaya ana shewa, minti goma ya ishe shi ya miƙe ba sallama. Idan aka yi rasuwa yakan je, ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, ya tashi, alhali mu muna zaman makoki har kwana uku. Aka ce ba shi da zumunci. Waɗanda suka faɗi haka ba su san cewa shi ke biyan kuɗin makarantar marayu biyu na wani ƙanin mahaifinsa ba, kowane zango, ranar farko, ba a taɓa tuna masa ba.

A wurin aiki gaskiyarsa ta sa masa baƙin jini. Motar shanshera ta zo da buhu 97, ba abin da zai sa ya rubuta 100, ko wa ya roƙe shi. Ya taɓa gyara wa Alhaji mai injin lissafi a gaban baƙi, da murya sarai, yana ganin taimako ya yi. Aurensa na farko bai kai shekara biyu ba. Matar ta ce ita ba ta iya zama da bango, kuma ban ga laifinta ba, domin babu wanda ya yi mata bayanin komai.

Sunan da muka ba shi a gida miskili. Ni ne kan gaba wajen faɗa, tunda taubashi ne, wasa ya halatta. Nakan ce masa miskili ka fi mahaukaci ban haushi, a yi dariya, shi kuma ya yi shiru. Na ɗauka shirun nan nasa na wasan ne.

Abin da ke faranta masa rai guda ne, ruwa da kifi. Tun yana ɗan shekara 12 yake rubuta ranar da aka yi ruwan fari da ranar da gulbi ya cika fadama, littattafan suna nan cikin akwati. Ya san giwan ruwa, tarwaɗa, karfasa, kurungu da bargi, da inda kowanne ke kwanciya. Amma bikin kamun kifi, wanda duniya ke tahowa Matan Fada ta gani, shi bai taɓa shiga tsakiyarsa ba. Kiɗa da turmutsitsi suna korarsa gida.

Faɗuwar

Shekaru biyu da suka wuce aka faɗaɗa injin. Ɗakin da yake aiki a bayan sito aka mayar da shi wurin ajiya, aka dawo da teburinsa kusa da sikeli, tsakanin sabon janareta da 'yan dako. Ga ƙara, ga ƙura, ga mutane suna taɓa kafaɗarsa suna tambaya ta kowane gefe. Bai yi ƙorafi ba, domin bai san cewa sauran mutane ba sa jin ƙarar nan yadda yake jinta ba. Ya ɗauka kowa haƙuri yake yi, shi ne rago.

Barci ya fara ƙaurace masa. Ya rame. Wata uku ana haka, ran nan da kaka, motoci sun yi layi, wani direba ya danna hon a bayansa. Ya toshe kunnuwa, ya yi ƙara, ya buga kansa da bango, sannan ya fita a guje. Da aka kawo shi gida ya shiga ɗaki ya rufe, ya kwana uku bai ce uffan ba.

Kowa ya san fassarar da za a yi wa wannan a gari irin namu. Wasu suka ce iska, wasu suka ce sammu ne daga abokan aikin da ya hana ci. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka kira mai ruƙiya. Ba na raina addu'a, ni ma na yi masa, kuma shi kansa karatun Alƙur'ani a hankali yana kwantar masa da rai fiye da komai. Amma mutumin da ƙara ta kayar, aka danne shi mutum huɗu ana ɗaga murya cikin kunnensa, hayaƙi ya cika ɗaki, dole ya yi fizge-fizge, kuma fizge-fizgen nan aka riƙe a matsayin hujjar cewa aljanin ya ji wuta. Daga baya aka kai shi wani asibiti, aka duba shi a gurguje, aka rubuta masa maganin masu jin muryoyi, alhali bai taɓa cewa yana jin wata murya ba. Maganin ya sa shi barci da nauyin jiki, yawu yana zuba. Mutane suka ce ya samu sauƙi tunda ya yi laushi.

Wadda ta gano bakin zaren matarsa ce ta yanzu. Ɗansu na fari ya shekara 3 da rabi ba ya magana, ba ya juyowa idan an kira sunansa, sai jera marafan kwalba a tsakar gida. Na ba da shawara aka kai shi wurin likitan yara a Sakkwato, tafiyar kilomita kusan 100. Likita tana tambaya: yana toshe kunne in ya ji ƙara? Yana tayar da hankali in an canza masa abin da ya saba? Abinci iri ɗaya yake so? Matar ta yi ta amsawa, can ta dakata ta ce, "Likita, abin ga da kike hwaɗi duka, in ban da magana, ai na babanshi na." Likitar ta ajiye biro ta ce a kawo baban.

Kawo shi bai zo da sauƙi ba. A ƙasar Sakkwato da Kabi, da an ce likitan ƙwaƙwalwa, abin da ke zuwa ran mutane Kware, inda asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yake, kuma "an kai shi Kware" magana ce da ke bin zuri'a. Kawu ya ce ba da yawunsa ba. Shi Ma'aji ne ya yanke, da hujja irin tasa: an gwada abu huɗu ba su yi ba, saura na biyar.

Binciken

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna otizim. Da tambaya da lura ake gano shi, kuma sau uku muka je. Likitan ya fara da wata takardar tambayoyi 50 da masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka fitar a 2001, yana karantawa yana fassarawa da baki. Ya gaya mana tun farko cewa takardar haska hanya kawai take yi, ba ita ke yanke hukunci ba, kuma na ga dalili. Akwai tambayar da ke cewa ko mutum ya fi son zuwa laburare a kan liyafa. Ma'aji ya ce wace irin liyafa, ta suna ko ta aure, kuma da lasifika ko babu? Likitan ya yi murmushi ya rubuta wani abu. Maganar kallon ido ma sai da ya sake mata fasali: bai tambaya ko yana kallon manya ba, ya tambaya ko yana kallon idon matarsa da ƙannensa da abokansa. Ba ya yi. Ya ce kallon ido yana hana shi jin abin da ake faɗa.

Abu biyu ake nema. Na farko wahala wajen mu'amala da fahimtar abin da mutane ke nufi bayan abin da suka furta. Na biyu manne wa tsari ɗaya, maimaita motsi, zurfafa cikin abu guda, da jin ƙara ko wari ko taɓi fiye da kima ko ƙasa da kima. Sharaɗi ne kuma a tabbatar abin tun ƙuruciya yake, ba daga baya ya zo ba. A nan al'ada ta tare mana hanya. Ma'aji ɗan fari ne, mahaifiyarsa ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zauna gaban baƙo tana ba da labarin yarintarsa. Da aka tambaye ta a waya cewa ta yi, "Ku tambayi gwaggonshi." Haka muka ɗauki tsohuwata zuwa Sakkwato.

Ita ta buɗe abin da muka manta. Ta ce bai haɗa magana ba sai da ya kusa shekara 4, kuma da ya fara, maimaita abin da aka ce masa yake yi. A kan yatsun ƙafa yake tafiya. Ƙwallon goruba yake jerawa daga bakin ɗaki har rijiya, wanda ya taɓa ɗaya ya jawo kukan yini. Ranar da masu kalangu suka shigo gida bikin wata yayarmu, a bayan rumbu aka same shi ya cusa kai cikin buhu. Sabuwar shadda mai sitati kuwa, ranar Sallah sai an yi kokawa kafin ya sa. Ta ce, "Mun bugai, Likita. Munka ɗauka taurin kai na. Allah shi gahwarta muna." Tana faɗa tana share ido da bakin mayafi, shi kuma yana zaune yana jan carbi, wanda a ranar na gane cewa tun da ya girma shi ya maye masa gurbin rangajin makarantar allo.

A zama na uku likitan ya ce otizim ne, mataki na ɗaya cikin matakai uku da ake kasa shi gwargwadon taimakon da mutum ke buƙata, tare da ciwon damuwa da fargaba da suka hau kai. Ya ce abin da ya faru a injin ba hauka ba ne, ƙwaƙwalwa ce aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta har ta ƙulle. Otizim ba shi da maganin da ke cire shi, domin yanayin ginin ƙwaƙwalwa ne da ake haihuwar mutum da shi, kuma gado yana da babban hannu a ciki, ga shi ɗa da uba. Damuwar ce ake magani. Ya janye tsohon maganin sannu a hankali cikin makonni, ya ba shi wani.

Wani zai ce ta yaya mutum zai kai shekara 34 ba a gane ba? Ma'aji ya girmi jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, da kaɗan. A lokacin ko a ƙasashen da suka fi mu likitoci, irinsa suna wucewa ba a gani. Leo Kanner ya bayyana yanayin a Amurka a 1943 daga yara 11, kuma an shekara da yawa ana ɗaukarsa abin da ya shafi yaran da abin ya yi wa tsanani kawai. Sai a 1981 wata likita a Ingila, Lorna Wing, ta jawo hankali ga masu magana da ƙwazon karatu irin waɗanda Hans Asperger ya rubuta a kansu a 1944, kuma sai a 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya haɗe su duka ƙarƙashin suna ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa yin kiyasin kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. Yaran nan girma suke yi. Suna cikin kasuwanninmu da ofisoshinmu da ɗakunan aurenmu da sunan miskilai da masu girman kai, mata kuma, waɗanda suka fi iya ɓoyewa, da sunan masu kunya ko marasa son mutane. A Najeriya likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. Kalmar ma ba mu gama daidaita ta ba: a rediyo akan ce galahanga, amma Bahaushe in ya ji galahanga yaron da ba ya iya riƙe wuyansa yake hangowa, ba magidanci mai riƙe da littafin sito ba. Shi ya sa na zaɓi in ce otizim.

Bayan an samu suna

A mota muna dawowa bai yi magana ba sai da muka kusa gida. Ya ce, "Ashe ba mugun hali gare ni ba." Mako biyu yana cikin sakewar da ban taɓa gani tare da shi ba. Daga nan baƙin ciki ya biyo, kuma wannan ne ba wanda ya shirya mana. Ya shiga lissafin baya dalla-dalla, yadda yake lissafin buhu: dukan da ya sha, auren da ya mutu, ranar da aka danne shi. Wata rana ya tare ni ya ce, "Kai ma kullum kana ce min na hi mahaukaci ban haushi. Na aza gaskiya kake hwaɗi." Shekara kusan 30 yana ɗauke da maganar da ni na ɗauka wasan taubasai ce. Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, kuma tunda shi ne ya faɗa, na san haka ne.

Kawu har yau bai furta kalmar ba. Cewa yake, "Ɗana lahiya lau yake, wanda ya sauke Alƙur'ani?" Tsoronsa na gane shi, yana da 'yan mata da ba su yi aure ba, kuma ya san yadda magana ke yawo. Wani dattijo a dangi ya ce allurar rigakafi ce ta taɓa yaron. Wannan ban bari ta wuce ba, don mun ga abin da irin wannan zargi ya jawo mana a 2003 lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa. Zancen cewa rigakafi na jawo otizim ya samo asali daga wani rahoto na likita Andrew Wakefield a 1998, wanda mujallar da ta buga shi ta janye a 2010, aka kuma soke lasisinsa, manyan bincike a kan dubban ɗaruruwan yara kuma ba su sami wata alaƙa ba.

Gyaran da ya yi aiki ƙanana ne, kusan babu na kuɗi. Matarsa ta daina yi masa hannunka-mai-sanda. In tana son abu takan ce, "Malam, ina son ka zamna nan ka saurare ni, ba shawara nike so ba," sai ya zauna. Ta gaya mini abin da ya fi yi mata ciwo a da shi ne turaren wuta: ta gyara ɗaki ta turara, shi kuma ya shigo ya juya ya fita. Shekara biyar tana ɗauka ƙinta yake yi, ashe warin ke sara masa kai. Yanzu da hantsi take turarawa, kafin ya dawo ya lafa. In ya dawo aiki ana ba shi rabin awa shi kaɗai kafin kowa ya yi masa magana. Baƙi ana sanar da shi tun jiya. A masallaci yana tsayawa ƙarshen sahu nesa da lasifika, ranar Juma'a ya tafi da wuri. Biki yana zuwa ɗaurin aure ya tsallake wajen kiɗa, kuma ya daina jin cewa ya yi zunubi.

Wurin aiki ni na je na sami Alhaji. Na tafi da shirin yi masa maganar dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, har ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ban kai ga buɗe baki a kanta ba. Wata biyu da Ma'aji ya yi a gida littafin sito ya rikice, buhuna sun yi ƙafa. Alhaji ya ce, "A mayar mishi da ɗakinshi, a sa mishi ƙyaure." Aka ƙara da cewa umarni a rubuce za a riƙa tura masa ta WhatsApp, kuma in zai fito wajen sikeli ya sa abin toshe kunne. Na yi murna, amma abin ya tsaya mini a rai. An sama wa Ma'aji wuri ne saboda an ga asara da ba ya nan. Yawancin masu otizim ba su da wata baiwar lissafi da za ta yi musu ceto, wasunsu ko magana ba za su taɓa yi ba, kuma haƙƙinsu na a bar su su zauna lafiya bai gaza nasa ba.

Na ba shi labarin Donald Triplett, na farko cikin yaran nan 11 na Kanner, wanda ya yi rayuwarsa a ƙaramin garinsu a jihar Misisipi, yana aiki a banki, mutanen garin sun san halinsa sun karɓe shi a haka, har ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Ma'aji ya saurara, ya tambayi yawan mutanen garin, sannan ya ce Argungu ta fi shi girma, zai ɗauki lokaci.

Inda ake yanzu

Yana barci. Ya mayar da jikinsa. Har yanzu yakan ƙulle in abubuwa suka taru masa, sau biyu cikin bara, amma yana jin zuwansa, ya tashi ya shiga ɗaki kafin ya kai ga bango, kuma ba wanda ke bin sa da hayaƙi. Mutum shida kawai suka san sunan abin da ke tare da shi, shi ya zaɓe su. Ni na daina tsokanarsa gaba ɗaya, har sai da ya tambaye ni ko fushi nake yi. Ya ce in ci gaba, amma in riƙa cewa wasa ne kafin in fara.

Nauyin da ya rage na yaron ne, wanda nasa ya fi na uban ƙarfi. Ya shiga shekara 6, kalmominsa ba su wuce goma ba. Makarantu biyu sun mayar da shi, mai koyar da magana kuma sai an je Sakkwato, kuɗin mota ya sa zuwan wata-wata ya koma bayan wata uku. Uwar ce ke yin atisayen da aka koya mata, da hotunan kofi da buta da tabarma da ta liƙa a kwali. Da yamma, bayan rabin awarsa, Ma'aji yakan fito ya zauna a ƙasa gefen yaron, ba ya ce masa komai, yana miƙa masa marafan kwalba ɗaya bayan ɗaya, jajaye tukuna sannan koraye, don ya lura haka yaron ke so. Ya hana kowa share layin sai yaron ya yi barci. Ya kuma buɗe sabon littafi, irin na ruwan sama, inda yake rubuta kowace sabuwar kalma da ranar da ta fito. Ta ƙarshe da na gani an rubuta ita ce "ruwa".